Gasarar da ba gasara ba

Talata.

Yau ma sai da na makara. Adaidaita ta ajiye ni ana shirin rufe ƙofa, na shige da sassarfa kamar 'yar aji ɗaya.

'Yan aji shida ne da ni a darasin farko, kuma a ɗakin gwaji, tunda WAEC ta ƙarato. Na narka gishirin miya a kwalba ɗaya, ruwa garau. Na ɗauko silba naitiret, ruwan wani sinadari mai azurfa, shi ma garau, kai ka ce ruwan randa ne. Na ɗiga ɗigo biyu. Nan take fari ya turnuƙe cikin kwalbar kamar an fasa kindirmo, aji ya ɗauka gaba ɗaya: "Laaa!" Shekarata tara ina wannan ɗigon, har yau wannan "laa" ɗin yana mini daɗi. Na raba shi kwalba biyu, na ajiye ɗaya a taga, rana ta fara mayar da farin toka-toka, na gaya musu da wannan halin na azurfa aka riƙa ɗaukar hoto a zamanin fim. Ɗayar na zuba mata amoniya, farin ya narke kamar ba a yi ba. Sai na yi musu na tagulla, shuɗi mai yauƙi, da na ƙarfe, kore mai datti wanda samansa ke komawa ruwan tsatsa in ya sha iska. Na maimaita musu abin da nake maimaitawa kowace shekara: kar wadda ta rubuta mini "ruwan ya zama fari". Ruwan bai zama komai ba, wani abu ne mai jiki ya fito a cikinsa, wanda ake kira precipitate, kuma mai makin takarda shi yake son ya gani a rubuce.

Ana dab da buga ƙararrawa sai mutuniyar tawa ta layin baya, mai tambayar nan, ta ɗaga hannu. "Malama, shi precipitate ɗin nan, me ake ce masa da Hausa?"

Na ce, "Gasara."

Ko numfashi ban ja ba. Ta rubuta. Duk suka rubuta. Aka tashi.

Tun kafin in gama wanke kwalabe abin ya tsaya mini a wuya. Gasara ai gero ce. An jiƙa, an markaɗa, an tace, ƙwayoyinta suna nan tun farko, nauyinsu ne ya kai su gindin bokiti. Haka lakar rijiya. Shi kuwa farin kwalbata, kafin ɗigon nan babu shi ko'ina. Azurfa tana narke a nan, rabin gishiri yana narke a can, suka haɗu suka haifi abin da ruwa ba ya iya riƙewa. Na ba 'yan mata kalmar da ta rushe darasin da na yi awa biyu ina ginawa.

A ofishin malamai na jefa tambayar, na ƙara wa kaina aiki. Malamin jogirafi ya ce a wurinsu ruwan sama ne da ƙanƙara, duk abin da gajimare ya saki. Anti mai Turanci ta ce ita a jarida ta fi saninta, in an ce abu kaza ne ya tunzura rikici, kamar yadda ake cewa harbe yariman Ostiriya a Sarayebo a 1914 ya ingiza yaƙin duniya na farko. Ta jawo ƙamus. Ashe daga Latin take, kalma biyu, "gaba" da "kai": a wurgo mutum daga tudu, kansa a gaba. Shi ya sa Bature yake kiran aikin garaje da ita, mutum ya faɗa wa abu da ka. Anti ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "To ai amsarki ta ɗazu ma ita ce." Aka yi dariya har da ni.

Da la'asar na biya gidan Inna. Na tarar ta ɗora madarar waken suya, Auta na zaune da ƙyallen tata tana latsa waya. Na zauna kan turmi ina ba su labari, ni a dole abin dariya na kawo.

Inna ba ta ko murmusa ba. Ta ce, "Wato kin yi wa 'ya'yan mutane ƙarya."

"Kai Inna, ba ƙarya ba ce, kuskure ne."

"Sun rubuta?"

"Sun rubuta."

"To."

Ta ɗebo ruwan tsami a kofi. Na san shi sarai, wanda take tsiyayewa daga kan gasarar kokon safe ne ta bar shi ya kwana biyu. Ta zagaya tukunya da shi a hankali, ba ta juya ba. Ina kallo madarar ta tsinke, fari ya dunƙule gefe guda, ruwa ɗorawa-ɗorawa ya ware. Na miƙe tsaye ina nuna tukunya kamar na ga aljani. "Inna, ga shi nan! Wannan shi ne! Tsamin ne ya sa abin da ke cikin madarar ya kasa zama a ruwa."

Ta ce, "Awarar tawa?"

"Ita."

"Kika je makaranta shekara nawa kika dawo kika gano awara?"

Auta ta kusa faɗowa daga kujera.

Na ce to ita me take ce wa wannan abin. Ta ce ba ta ce masa komai, cewa take ya haɗe, ko ya kama. In ta zuba alif a ruwan 'yan garuwa dattin ya dunƙule ya sauka, cewa take ya kwanta. Farin da ke manne a gindin buta in an daɗe ana tafasa ruwan burtsatse, wannan kankare shi take yi, ba ta raɗa masa suna. Na ce akwai katsi na marina. Ta ce katsi na marina ne, in bar musu abinsu. Na kawo mata zancen ƙamus, cewa asalin kalmar faɗowa ce da ka. Ta leƙa tukunya ta ce, "Naku ne yake faɗowa. Nawa tasowa yake." Kuma gaskiyarta, awarar tana sama tana lilo. Ko a kwalba ma ba kowanne ke sauka ba, wani sai ya wuni yana yawo a tsakiya.

Tana kwashewa cikin ƙyalle ta ce, "Abin da ya haɗe dai ba ya komawa madara."

Na ce namu yana komawa, in an sa amoniya.

"Ke kika san amoniya." Ta ƙulle bakin ƙyallen, ta ɗora dutse a kai. Ba ta ɗago ba ta ce, "Kin kira Yayarki?"

Ashe ta sani. Ban san wa ya gaya mata ba, amma Auta ta duƙufa kan waya fiye da kima.

Layi ɗaya na tura jiya da dare a gurup ɗin gida. Ɗaya tak, a kan kuɗin maganin Inna na wannan watan, na ce bai kamata kullum ya zama mutum ɗaya ba. Na tura kafin in karanta. Da asuba na farka na tarar da saƙon murya guda shida daga Yaya. Akwai zancen bikin Auta da ba a ma sa rana ba, akwai atamfar da ban saka ba ranar sunan ɗanta, akwai wata magana da ta ce na yi a asibiti shekara uku da suka wuce, wadda ni wallahi ban tuna ta ba. Ranar Juma'ar nan muka ci shinkafa kwano ɗaya da ita, tana ba ni labarin maƙwabciyarta muna dariya.

A kwaleji an taɓa nuna mana wani gishirin sinadari, sodiyam asitet, da aka narka da zafi fiye da abin da ruwan sanyi zai ɗauka, aka bar shi ya huce ba motsi. Garau yake. Malamin ya jefa ƙwaya ɗaya, kwalbar gaba ɗaya ta daskare muna kallo. Wannan wani darasin ne daban, ba na 'yan aji shida ba. Shi na yi ta gani a adaidaita har gida.

Ban kira ta ba. Na buɗe saƙo na biyar na sake saurara har rabi.

Abban yara ya dawo da lemo da rake. Ƙaramin ya ƙi cin tuwo, awarar Inna ya cinye.

Gobe zan sa su soke gasara. Ban san me za su rubuta a gurbinta ba tukuna, wataƙila in ce kowacce ta tambayo uwarta.

Sai da na zo alwalar isha'i na ga baƙin tabo a ɗan yatsana, inda silba naitiret ya taɓa ni da safe ban ji ba. Sabulu ba ya fitar da shi, sai fatar ta sake. Babbar ta kama hannun tana tambaya wa ya yi mini lalle a yatsa ɗaya.