Filin da muka auna da rani

A watan Maris muka auna filin, can bayan garin Kano ta yamma, inda gini ke cinye gonaki. Lokacin ina yaron wani mai awon filaye, ni ke jan tef, ni ke kafa turaku. Ƙasar baƙa ce, ta bushe ta tsattsage, in ka taka sai ka ce dutse. Muna cikin yanka ta fuloti-fuloti wani dattijo ya taso daga lambunsa, ya tsaya yana kallonmu.

"Samari, kun san makwancin ruwa kuke aunawa?"

Na ce, "Baba, ai za a yi ciko, a ja kwata."

Ya ce, "Ciko dai. To shi ruwan ina zai koma?"

Ban ba shi amsa ba, don ba ni da ita. Bayan damina biyu wani aiki ya mayar da ni unguwar a tsakiyar Agusta. Na tarar da wata uwa tana kwalfe ruwa daga ɗaki da kwanon sha, an jera buhunan yashi a bakin ƙofa, katifa na shanye a kan katanga. Sanyi ya hau bango har kusa da taga. Abin da ya fi ci mini rai, masu hali sun zuba jar ƙasa tifa-tifa, gidajensu sun yi tudu. Wanda bai da kuɗin tifa shi ya karɓi ruwansa da na maƙwabtansa. Turakun da suka raba gidajen nan kuwa da hannuna na kafa su.

Daga nan na fara yi wa Kano wani kallo. Kududdufan cikin birni ramuka ne da kakanni suka haƙa suna ɗibar ƙasar gina gidaje da ganuwa, sai suka zama ma'ajiyar ruwan sama. Su riƙe shi, ya riƙa tsuma a hankali zuwa rijiyoyi, ragowar ya gangara rafin Jakara, ya wuce ta gefen kasuwar Kurmi har madatsar Wasai. Yau da yawansu an cike da shara da ɓaraguzai an ɗora shaguna, ita ma Jakara an rufe wani sashenta an shimfiɗa titi a kai. Ruwan da ke sauka bai ragu ba, wurin zamansa ne ya ƙare.

Akwai wani lissafi da na daɗe ban manta ba. Idan aka yi ruwa mai milimita 50 a kan hekta ɗaya, lita 500,000 ke nan, wato jarkar 'yan ga-ruwa 20,000. Fadama za ta shanye wani, ta ajiye wani. In an malale wurin da kwano da siminti, duk jarkokin nan a lokaci guda za su doshi kwata ɗaya, wadda galibi leda da robar ruwa sun riga sun toshe. Wanda ya ga yadda ruwa ya shiga Kantin Kwari a 2022 ya jiƙa dilolin atamfa da shadda ya san abin da nake faɗi.

Na san hujjar masu cikewa, kuma ba ƙarya suke ba. Kududdufi na tara sauro, yana wari, yara na faɗawa su rasu, Allah ya jiƙansu. Amma a ganina maganin wannan shi ne a yashe shi, a kewaye shi, a hana zuba shara, a haɗa shi da magudana. Cike shi tura ruwan ne kawai zuwa gidan wani. Da KNUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kano, za ta fitar da taswirar duk makwancin ruwa a Kumbotso, Ungogo da Gezawa kafin masu awon igiya, wato masu yanka filaye ba da tsarin hukuma ba, su isa, da an huta da rabin kukan da ake yi duk marka.

Yanzu da nake aikin kaina, ba na amincewa da fili sai na duba abubuwan da tef ba ya nunawa. Baƙar laka mai tsagewa, ɓawon katantanwa a cikin ƙasa, kachala ko da ta bushe, tabon ruwa a gindin bishiya. Sannan in nemi masu lambu da mai unguwa in tambaye su inda ruwa ke kwana. In da hali, in ce wa mai saye ya dakata sai Agusta mu je tare.

Ba kowa ke ji ba. Kwanan baya na ce wa wani, "Alhaji, wannan fadama ce, a bar wa masu noman rani." Ya ce farashin ya yi sauƙi, kuma dillali ya rantse masa ruwa bai taɓa kwanciya a wurin ba. Na ce ya nemi wani ya auna masa. Ya samu kuwa, har an fara haƙa fandisho.