Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Guntun Gatarina

A makon jiya na tsaya a kan ranar da na karɓi takardar ajiye aiki. Abin da ma'aikaci ba ya lura da shi tun yana kan kujera shi ne fansho ba albashi ba ne, domin ana lissafa shi ne bisa shekarun aiki da wani kaso na albashin, yawancin alawus-alawus da suka riƙe gida kuwa suna tsayawa ranar da mutum ya miƙa makullin ofis. Tsakanin albashina na ƙarshe da fanshon farko an shafe watanni babu abin da ya shigo hannuna, kullum na je sai a ce fayil yana gaba.

A waɗannan watannin ne maganar marigayi Baffa ta tabbata a kaina. Tun farkon kama aikina ya ce da ni, "Yaro, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni." Saboda wannan magana na riƙa cire ɗaya bisa goma na albashi kowane wata ina kaiwa asusun ajiya, har a shekarun da yaran suke makaranta gaba ɗaya. Wannan ajiyar ce Yaya ya kira ni marowaci a kanta, a gaban 'ya'yana, kuma har yau ban manta yadda Hajiya ta sunkuyar da kai ba. Da garatuti, wato kuɗin sallamar aiki, ya fito, Yaya ne farkon wanda ya yi mini sallama yana neman rance. Na ba shi abin da ya sawwaƙa, amma ban taɓa uwar kuɗin ba.

Tsarin da muka yi da Hajiya shi ne fansho ya ɗauki hidimar yau da kullum, ajiya kuwa sai don asibiti da magani. Dalili shi ne tsadar rayuwa ba ta jiran ɗan fansho: idan kaya suna tashi da kashi 10 cikin 100 duk shekara, cikin shekara 7 kuɗin da ke hannunka rabin abin da yake saya a da zai saya, alhali ƙarin fansho ba ya zuwa da wannan saurin. Baffa bai san wannan lissafin ba, amma guntun gatarin da ya ce in riƙe shi ya biya aikin idon Hajiya ba tare da na roƙi kowa ba, har da Yaya.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo labarin layin tantance 'yan fansho.