Ta ƙofar ƙananan kotuna na san Ingila

Duk wanda ya ji cewa aikin barista nake a Ingila tambayarsa ɗaya ce, wai ɓarayi da masu kisa nake karewa? A'a wallahi. Ɓangarena sibil ne, rigimar haƙƙi tsakanin mutum da mutum ko kamfani da kamfani, bashi ne, haya ce, kwangila ce, haɗarin mota ne, gado ne. Ba gidan yari ake nema wa kowa ba, diyya ake nema ko umarnin kotu, kuma galibi alƙali ɗaya ne ke yanke hukunci ba tare da masu taya shi ba, ya auna labarin wa ya fi rinjaye, shi ke nan.

Maigida na biyo, aikin asibiti ya kawo shi Manchesta, ni kuma na zo da takardar lauyancina ta Najeriya. A gida ranar da aka rantsar da ke kin zama barista da solisita a lokaci guda, ki buɗe ofis ki rubuta takardar cinikin fili da safe ki tafi kotu da rana. Nan sana'a biyu ce. Solisita shi ke zama da mai ƙara, ya tara takardu ya yi wasiƙu, barista kuma shi ake ɗauka ya ba da ra'ayin doka, ya tsara takardun ƙara, ya tsaya gaban alƙali. Hukumar da ke kula da baristoci Bar Standards Board ce, ita na aika wa takarduna, ita ta faɗi fannonin da zan rubuta a jarrabawar da ake yi wa lauyoyin da suka zo daga waje. Sannan dole ki shiga ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen lauyoyi huɗu na Landan, Lincoln's Inn, Gray's Inn, Inner Temple ko Middle Temple, domin su ne ke kiran mutum zuwa sana'ar. Bayan nan sai zaman koyo a hannun wata oga, wanda a ƙa'ida wata 12 ne, shida na farko biye da ita kawai kike kina ɗaukar rubutu ba ki da bakin magana a kotu, shida na biyu a fara ba ki naki ƙananan fayil. Samun gurbin koyon nan ya fi jarrabawar wuya nesa ba kusa ba, kuma ba wanda ya damu da cewa kin shekara nawa kina shari'a a wata ƙasa.

Abin da ban saba da shi ba shi ne rashin albashi. Yawancin baristoci zaman kansu suke, cemba ba kamfani ba ce, gini ne da ma'aikata da muke haɗa kuɗi mu biya daga abin da kowa ya samu, har takan faru ni ina wannan ɓangare ɗan cembarmu yana ɗaya ɓangaren a shari'a ɗaya. Mai riƙe da rayuwarki shi ne akawu. Shi solisitoci ke kira, shi ke cinikin kuɗin aiki, shi ke cika miki dayari, sai wajen ƙarfe biyar na yamma ki ga saƙonsa, gobe kina Preston ƙarfe goma, ga takardu shafi ɗari biyu a imel. Yara na cin abinci ni ina karanta bayanin shaidu. Akwai kuma ƙa'idar da ta ce in aiki ya zo a fanninki, kina da lokaci, an yarda da kuɗi, ba ki da ikon ƙi don kawai mutumin bai kwanta miki ba, kamar direban da layi ya zo kansa a tasha. Kuɗin kuwa sai a yi watanni bai shigo ba, amma hukumar haraji 31 ga Janairu ta sani, ranar ƙarshe ta biyan haraji.

To a wannan yawon na jirgin ƙasa, Wigan, Stockport, Preston, Liverpool, a nan na san ƙasar. Ba a fina-finai ba, ba a unguwar da muke zaune ba. Ranar shari'un haya a County Court, wato ƙaramar kotun sibil, za ki ga dogon jerin sunaye manne a allo, kowace ƙara 'yan mintuna aka ware mata, mai gida na neman gidansa saboda bashin haya. Na taɓa zama a baranda kusa da wata tsohuwa, Baturiya, da ledar kanti cike da wasiƙu, rabinsu ma ba a buɗe ambulan ɗin ba, tana ta gyara su a cinyarta tana jera su daidai kamar hakan zai taimaka. Ni ce lauyar mai gidan. Ba ta da lauya, kuma ire-irenta da yawa suke tun da dokar 2012 ta zaftare tallafin gwamnati na ɗaukar lauya a yawancin shari'un sibil. Ƙa'idar aikinmu ba ta yarda in ci da rashin saninta ba, ba kuma zan ba ta shawara ba, sai dai na gaya mata ko ni wace ce, na nuna mata ɗakin mai ba da shawara kyauta na ranar. Kafin in zo ban ɗauka akwai talauci irin wannan a nan ba, talauci mai shiru, cikin riga mai tsabta.

Sai haɗarin mota, wanda shi ne abincin ƙananan baristoci. Wa ya shiga shataletale kafin wa, kuɗin gyara, kuɗin hayar motar wucin gadi da kamfanonin inshora ke faɗa a kai kullum. In yaro ne ya ji rauni, ko an sasanta sai alƙali ya duba kuɗin ya amince, za ki ga alƙalin ya sauke murya yana tambayar ɗan shekara takwas ko wuyan ya daina ciwo. Ga rigimar magina da masu gida, ga maƙwabta da za su kashe dubban fam a kan katangar da ta shiga da taku ɗaya, wannan kam ko'ina ɗan Adam ɗaya ne. Manyan kuwa suna High Court, masu rigimar kamfanoni, jiragen ruwa, inshora, amana da wasiyya, da yawansu a Rolls Building da ke Landan ake yi, can ne KC ke yawa, wato masu muƙamin babban lauya, kwatankwacin SAN ɗinmu na Najeriya, waɗanda har Satumban 2022 QC ake ce musu.

Abin da ya fi burge ni, kuma ya fi ba ni tsoro, lokaci da lissafi. Dokokin tafiyar da shari'ar sibil da suka fara aiki a 1999 bayan garambawul ɗin Lord Woolf sun ba alƙali ikon riƙe linzami, in an ce a kawo bayanin shaida ranar kaza ƙarfe huɗu to ƙarfe huɗun ne, kika makara sai kin roƙi afuwa da hujja, kuma ana iya hana ki kiran shaidar. Ana raba ƙara gwargwadon kuɗinta, galibi har fam 10,000 ƙananan ƙararraki ne, har 25,000 layin gaggawa wanda shari'arsa yini ɗaya ce, tun Oktoban 2023 an ƙara wani mataki har 100,000, sama da haka sai babban layi. Bashin kwangila shekara 6 gare ki ki shigar da ƙara, rauni shekara 3. Kuma ban da ƙananan ƙararraki, wanda ya faɗi shi ke biyan kuɗin lauyan wanda ya ci, saboda haka rabin aikina zama ne da mutum in ce masa malam, ko da gaskiyarka, in ka ƙi tayin sulhun nan kuma kotu ta ba ka ƙasa da shi, kai za ka ɗauki kuɗin da aka kashe bayan tayin. Shi ya sa yawancin ƙararraki ba sa kaiwa ranar shari'a. Kada dai in yi ta yabo, nan ma ana jira, an taɓa kira na ana gobe shari'a a ce an ɗaga saboda babu alƙali, bayan na kwana ina shiri kuma shaida ya riga ya ɗauki hutun aiki.

Salon magana ma sai da na sake. Ba a son dogon kirari, an riga an aika taƙaitacciyar hujja a rubuce alƙali ya karanta, tambaya kawai zai jefo miki, shafi nawa, sakin layi nawa. A ƙananan kotunan nan sau da yawa ɗan ɗaki ne da tebur, a zaune ake magana, ba gashin lauya ba alkyabba, ko inda ake sa su ma mai hijabi ba a tilasta mata gashin. Akwai wata tsohuwar al'adarsu ta cewa barista ba ya musabaha da barista, wallahi ranar da ogata ta gaya min sai da na yi hamdala, ta rage min dogon bayani.

Yanzu ina karkata ga shari'un gidaje da haya, don a wannan aikin in ba ki tsaya a fanni ɗaya an san ki da shi ba haka za ki yi ta yawon jirgin ƙasa. 'Yan uwanmu na nan kuwa ba ruwansu, da an haɗu a wajen suna sai wata ta jawo ni gefe, Anti Barista don Allah bizar ƙanena ce ta kusa ƙarewa. Sai in ce mata Hajiya ki yi haƙuri wannan ba fannina ba ne, in na sa baki cutar da shi zan yi, ku nemi solisita na shige da fice, kuma ku duba sunansa a rajistar hukumar solisitoci ta intanet kafin ku ba shi ko fam ɗaya.