Godiya bayan tseren bankwana na Sanne Cant

Assalamu alaikum 'yan uwa. Alhamdulillahi, mun je garin Oostmalle na Beljiyam mun dawo Antwap lafiya, mun shaida tseren ƙarshe na Sanne Cant, 'yar tseren keke ta Beljiyam, a watan Fabrairun 2025. Ina da bashin godiya a wuyana, kuma a bainar jama'a nake son in biya shi.

Da ita kanta zan fara. Wanda bai zauna a Beljiyam ba zai yi wuya ya gane girman tseren keke na cikin laka a wajen mutanen nan. Cikin hunturu ake yinsa, a zagaye na kilomita uku ko kusa da haka, ta cikin yashi da taɓo da gangare. Inda keke ya kasa wucewa sai a sauka a saɓa shi a kafaɗa a ruga da gudu. A wannan wasan ne Sanne ta ci kambun Beljiyam sau 15 a jere, daga 2010 zuwa 2024. Ta ci na duniya sau uku: a Bieles ta Lukzambag a 2017, inda ta sha gaban Marianne Vos 'yar Holan daf da layin ƙarshe, sai Valkenburg ta Holan a 2018 cikin laka mai kama ƙafa, sai Bogense ta Denmak a 2019.

Amma ni abin da ya fi kama zuciyata shi ne shekarun da suka biyo baya. Tun daga 2020 'yan Holan suka riƙe kambun duniya na mata, Alvarado, Brand, Vos, sannan Fem van Empel. Wata da ta ga haka da ta ajiye keken tun da sauran ɗaukaka. Sanne ta ci gaba da fitowa duk hunturu, ana wuce ta, tana tsayawa ta gaisa da yara a bakin shinge. A 2023 ta faɗi a tseren Paris-Roubaix na Faransa ta ji mummunan rauni a fuska, ta warke ta dawo. 'Yata ta taso tana kallon wannan, kuma shi ya sa ta nace sai ta hau keke. Sanne, mun gode. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiyar jin daɗin hutunki.

Sai maƙwabcinmu dattijo da mai ɗakinsa, waɗanda suka ɗauke mu a motarsu, suka ara mana takalman roba, suka nuna mana inda za mu tsaya mu ga masu tsere sau biyu a zagaye ɗaya. Su ne suka fara kai yarinyar nan ƙungiyar tseren keke ta yaran unguwarmu a lokacin da ni kaina nake tsoron kada ta karye.

Ina gode wa masu horar da yaran, waɗanda ba a biyansu ko sisi. Haka kuma iyayen da ke tsayawa wurin canjin keke cikin sanyi, hannuwa a jiƙe, suna wanke laka da ruwan famfo mai ƙarfi domin yaro ya karɓi keke mai tsabta a zagaye na gaba. Ba su taɓa bambanta keken 'yata da na 'ya'yansu ba, kuma ba wanda ya taɓa yi mata maganar ɗankwalin da take sawa ƙarƙashin hular kwano.

Maigida, Allah ya ƙara buɗi. Kai ka sayi keken na hannu, kai kake gyara shi da dare bayan ka dawo aiki a gajiye. Hajiya da Yaya a Zinder, addu'o'inku suna isowa, kuma hotunan da kuka nema suna tafe.

A watan Satumba za a buɗe sabuwar kakar tsere, yarinyar kuma za ta shiga rukunin da ke gaba. Muna roƙon ku sa ta a addu'a, Allah ya tsare ta daga faɗuwa.