Na je Gidan Tarihin Kanta, sai kunya ta kama ni

Shekara da shekaru ina wucewa ta ƙofar Gidan Tarihin Kanta a Argungu, ban taɓa leƙawa ba, sai jiya da ɗan yayata ya matsa mini wai malaminsu ya ba su aiki. Muka shiga. Ashe tsohuwar fadar sarkin Kabi ce, a 1958 aka mayar da ita gidan tarihi. Zauren da sanyi kamar bakin randa, alhali waje rana na dukan ƙeya.

Abin da ya tsayar da ni sulke ne. Na daɗe ina kallon zobbansa, ƙanana, a sarƙe da juna, ina tunanin ƙaton da ya iya ɗaukar wannan nauyi a kan doki. Ga masu, ga kwari da baka, ga tambura fatarsu ta yi baƙi.

Yaron ya ce, "Kawu, wane ne Kanta?" Na yi 'yan kame-kame, na ce shi ya kafa daular Kabi, ya gina birnin Surame. Daga nan na ƙare! Ni da zan kwana ina ba ka labarin bikin kamun kifi na Matan Fada tun daga 1934.

Mun fito yana ta rubutu a littafinsa, ni kuwa na saya masa ƙosai don ya bar tambaya.