Editin da gyaran kala a iPad ko kwamfuta: ido fa yana yaudara

Tunda kamfanin Blackmagic Design ya fitar da manhajar editin bidiyo ta DaVinci Resolve na iPad a watan Disambar 2022 ƴan editin suke ta musu, wai shin yanzu mutum zai iya jingine kwamfutarsa ya koma aiki da tabulet kawai. Sai ga Apple ma sun kawo Final Cut Pro kan iPad a watan Mayun 2023, ga LumaFusion dama can tana nan tun da daɗewa, ga CapCut da kusan kowa ke da ita a waya. Ni dai a ganina musun ya fi yawa a kan na'ura, alhali abinda ke lalata yawancin bidiyon da nake gani yana yawo ba na'ura bace, mutane ne ke gyaran kala da ido kawai, kuma ido ba abin yarda bane a wannan aikin.

Resolve asalinta ba manhajar yanka bidiyo bace, na'urar gyaran kala ce ta wani kamfanin Amurka mai suna da Vinci Systems, wadda manyan situdiyoyin fim ke amfani da ita, sai Blackmagic na Ostireliya suka saye ta a 2009 suka yi ta ƙara mata kaya, editin, sai Fairlight na sauti, sai Fusion na ifek. Shi yasa har yau shafin Color ɗinta ya fi komai nata ƙarfi, kuma da suka tashi kawo ta iPad shafuka biyu suka sa a gaba, Cut na yanka bidiyo da Color na gyaran kala. Akwai ta kyauta akwai Studio ta kuɗi, kuma wallahi ta kyautar ma ta ishi mafi yawan mutane, tana fitar da bidiyo har Ultra HD wato 3840 da 2160. Premiere Pro ta Adobe ita haya zaka yi ta biya muddin kana amfani da ita, amma tana da nata masoyan kuma ba laifi, musamman wanda ya saba da After Effects, manhajar Adobe ta ifek.

To mu zo kan kala. Da yawan kamarorin yanzu suna iya ɗauka a abinda ake kira log, Sony na da S-Log3, Canon na da C-Log, Panasonic V-Log, har iPhone 15 Pro da ta fito a 2023 ta zo da Apple Log. In ka buɗe irin wannan fayil ɗin zaka ga hoton ya yi fari fat kamar an watsa masa hazo, babu baƙi sosai babu kala, wasu har tsorata suke yi su ce kamara ta lalace. Ba lalacewa bace, kamarar ce ta matse haske da duhu duka a tsakiya don kar ta rasa bayanin sararin sama ko na cikin inuwa, kai kuma aikinka shine ka warware shi ka mayar da shi Rec.709, wanda shine ma'aunin da talabijin da yawancin sikirin ke nunawa. A Resolve akwai Color Space Transform, ka gaya masa da wace kamara aka ɗauka da inda kake so hoton ya koma, shi kenan ya yi maka lissafin. Amma me mutane ke yi? sai su sauke wani LUT, wato fayil ɗin gyaran kala da wani ya riga ya shirya, daga intanet mai suna mai daɗi su maka shi a kan hoton tun daga farko, wanda kuma an yi shi ne don wata kamara daban da wani haske daban, kamar ka ari rigar da tela ya auna wani ya ɗinka masa ne, zata shiga jikinka dai amma kowa ya kalla ya san ba taka bace. Kuma masu baƙar fata su suka fi shan wahalar wannan, don da yawan LUT ɗin nan suna danne duhu sosai, fuska ta nutse ido kawai kake gani, ko kuma su tura fatar ta koma ruwan lemo ko ja kamar mutum ya shafa wani abu.

Akwai kuma maganar bit da ba'a cika kula da ita ba. Fayil mai 8-bit matakai 256 yake da su a kowace kala, ja, kore, shuɗi, mai 10-bit kuwa 1024. In ka ɗauki log a 8-bit ka zo kana jan kala da ƙarfi zaka ga sararin sama ya rarrabu layi-layi maimakon ya tafi sumul, babu manhajar da zata gyara maka wannan yadda kake so, tun wajen ɗauka aka yi asarar.

Abinda ya bambanta Resolve da sauran shine nod. Maimakon ka tara gyara a kan gyara a wuri guda, kowane gyara da akwatinsa, a jere, hoto na shiga ta wannan ya fita ta wancan. Yadda ni nake jerawa, na farko haske, na biyu daidaita fari ya zama fari, sannan fata in tana buƙata, sannan juyawa zuwa Rec.709, duk wani salo ko LUT na ado can ƙarshe kuma a rage masa ƙarfi. Amfanin haka shine in mai aiki ya ce fuskar nan ta yi ja da yawa ka san akwatin da zaka buɗe, ba sai ka rushe komai ba. Da'irorin gyara uku da zaka gani a shafin Color, Lift na duhu ne, Gamma na tsakiya, Gain na haske, in ka iya su ukun nan kaɗai ka wuce rabin masu cewa su kwararru ne.

Yanzu ga inda nake cewa ido na yaudara. Ka zauna kana kallon hoto mai ɗan kore-kore na minti kaɗan, ƙwaƙwalwarka zata saba ta fara nuna maka shi a matsayin daidai, ka tashi ka sha iska ka dawo sai ka ga abin kamar ba kai ka yi ba. Shi yasa aka yi ma'aunai. Waveform yana nuna maka haske daga ƙasa zuwa sama, in hoton ya manne a can sama to farin ya ƙone, in ya kwanta a ƙasa duhun ya mutu. Parade kuma ya raba maka ja da kore da shuɗi gefe da gefe, ka nemi wani abu fari a cikin hoton, bango ko riga, in ukun basu tsaya daidai da juna ba to farin naka ba fari bane ko da idonka ya rantse. Sai Vectorscope, da'irar nan, a cikinta akwai wani layi da ake kunnawa na fata, yana tsakanin ja da rawaya. Abin da ya fi burge ni game da layin nan shine duk fatar ɗan adam kusa da shi take faɗawa, baƙi ne ko fari, bambancin a yawan haske ne da ƙarfin kalar, ba a nau'in kalar ba. Ka zagaye kumatu ko goshin mutum da Power Window, wato abin ware wani yanki na hoto, yadda ma'aunin zai karanta fatar ita kaɗai, zaka ga wani ɗan gajimare ya bayyana, in ya karkata wajen ja ko ya gangara wajen kore ka jawo shi a hankali har ya hau layin, sannan ka cire zagayen ka kalli hoton gaba ɗaya. Aikin minti biyu ne amma shi ke raba bidiyon da mutum zai ga kansa ya ji daɗi da wanda zai ce ai wannan ba ni bane.

A nan fa iPad ta yi abin a yaba. Zana zagayen nan da Apple Pencil ya fi daɗi nesa ba kusa ba a kan jan maus, haka ma lanƙwasa layin Curves na gyaran haske da kala. Sikirin ɗin iPad Pro kuma ya fi na laftof da yawa gaskiyar kala, manyan ma suna da Reference Mode da aka yi don irin wannan aikin. Sai dai ka tuna ka kashe True Tone da Night Shift da hasken da ke canza kansa, don True Tone yana sauya farin sikirin ya bi hasken ɗakin da kake, kaga kenan kana gyara ƙasa na motsi a ƙarƙashinka, ka fara da rana ka ƙarasa da dare hoto biyu daban ka kalla.

Inda tabulet ke gajiya kuwa sananne ne. Ma'ajiya na cika da wuri, dole ka rataya mata ma'ajiyar waje ta SSD ta USB-C, ba fanka a cikinta don haka in aiki ya yi tsawo ta ɗumama sai ta rage gudu, ga sikirin ƙarami da zaka cusa hoto da nod da ma'aunai duk a ciki. Dogon aiki mai kamara biyu uku da sauti mai layi da yawa ni dai a kwamfuta nake son sa, da kibod a ƙarƙashin yatsuna, J baya K tsaya L gaba, ga sikirin na biyu na ma'aunai kaɗai. Cire ƙurar hoton dare ma, wanda yana cikin kayan Studio, katin girafik mai ƙarfi yake so. Abin daɗin dai shine aikin da ka fara a iPad zaka iya fitar da shi ka buɗe a kwamfuta ka ci gaba, ko ta fayil ko ta Blackmagic Cloud, don haka ka yanka a hanya ka zo ka ƙarasa a zaune. In kwamfutar taka ma tana ciccije wa fayilolin H.265 masu nauyi ka yi musu proxy, wato ƙananan kwafi da zaka yi editin da su, wajen fitarwa manhajar ta koma kan na asali da kanta.

Sai wata matsala da ke sa mutane zagin manhaja a banza, ka gama gyara a Mac hoto ya yi kyau, ka fitar ka buɗe a QuickTime, manhajar kallon bidiyo ta Apple, ko ka ɗora a YouTube sai ka ga ya ɗan koɗe. Ba gyaranka bane ya zube, saɓani ne na yadda tsarin Apple ke karanta alamar gamma da ke jikin fayil ɗin, wadda ke faɗa wa sikirin yadda zai nuna haske, shi yasa Resolve ta sa wani zaɓi mai suna Rec.709-A da wasu ke amfani da shi don abinda suka gani a ciki ya yi daidai da na waje. Kafin ka miƙa aiki dai ka fitar da ɗan guntu na sakan talatin mai fuska a ciki, ka tura wayarka da wata wayar daban da talabijin in akwai, ka duba fatar a kowanne, in ta tsaya a duka sai ka fitar da sauran.