Ranar da Motar Yaya Ta Koma Kura a Hanyar Agadas

Tun kafin mu kai Kazaure na san akwai magana. Da duhun asuba muka bar Kano, kuma duk motar da ta tunkaro mu sai ta watso mana doguwar fitila, wani direban tirela ma har da leƙowa ta taga ya yi mini daƙuwa. Ni kuwa gajeriya na kunna. Sau biyu ina taɓa makunnin don in tabbatar. Gwaggo da ke zaune a kujerar gaba ta ce in rabu da su, 'yan hassada ne, sun ga kayan arziki.

A cikin sanyin farkon 2019 ne, watanni kafin a rufe iyakokin ƙasa a Agustan shekarar. Gara za mu kai wa 'yar Yayana da aka aurar Agadas. Yaya bai samu zuwa ba, sai ya ba ni motarsa, tsohuwar Land Cruiser samfurin 80, ƙirar 1996, mai shan gas, wadda yake ji da ita kamar ɗiyar fari. Mu biyar ne a ciki: ni, ƙanena, Gwaggo, da mata biyu 'yan rakiya. A but kuma buhun shinkafa huɗu masu kilo 50, buhun fulawa, buhun sukari, jarkar man gyaɗa biyu, jarkar gas huɗu, sai robobin alkaki da nakiya da dubulan da aka cusa duk inda hannu ya shiga. A sama katifa da akwatuna. Da daddare aka yi lodin, kowa na cewa ai wannan motar ko giwa aka ɗora mata za ta ɗauka.

Sai da muka tsaya karyawa a Daura, gari ya waye sosai, na ja da baya na dubi motar daga gefe. Hancinta ya ɗaga sama, ƙugunta ya zauna, rabin saman tayar baya ya shige cikin raminsa. Kura sak. Nan na gane laifin da na yi wa direbobi: fitilar da ya kamata ta haska kwalta, idanunsu take haskawa.

Mun tsallaka iyakar Nijar ta Kongolam muka shiga Dan Barto. Wani ɗan duwan, wato jami'in kwastan na can, ya leƙa but, ya ga shinkafa, ya yi dariya har da dafa mota, ya ce tunda yake aiki bai taɓa ganin shinkafa ta nufo wannan ɓangaren da ƙafarta ba, kullum can take tsallakawa. Gwaggo ta ce masa ta gida ce, daga garin Kura aka sayo, ba a kai wa surukai abin da suka saba ci. Ya duba takardun mota ya sallame mu.

Daga Matamaye abin ya fara ba ni tsoro. Ko ƙaramin tudun rage gudu muka hau sai in ji "ƙum" daga baya, kamar an buga taɓarya a turmi, matan su yi salati. Sitiyari kuma ya yi sakayau a hannuna, motar na yawo a titi kamar ba ta son taka ƙasa da tayoyin gaba. A haka muka lallaɓa har Damagaram, ban wuce 60 ba. Gabanmu akwai kusan kilomita 450 zuwa Agadas, kuma duk wanda na tambaya sai ya ce daga Tanut hanya ba ta da kyau.

Wani mai sayar da gas ne ya kwatanta mana garejin wani dattijo da ba ya taɓa komai sai kat-kat, yadda suke kiran mota mai jan ƙafa huɗu a can. Fili ne da katangar ƙasa da bishiyar dogonyaro ɗaya, gawarwakin Land Cruiser da Hilux jere kamar makabarta. Na yi sallama, na fara bayani, ya ɗaga mini hannu. Ya ɗauko tef ɗin awo irin na tela, ya durƙusa, ya auna daga tsakiyar cibiyar taya zuwa bakin ƙarfen da ke samanta. Gaba santimita 54, baya 45. Ya ce a sauke kaya duka.

Gwaggo ta ce ba a buɗe gara a titi.

"Hajiya, ba buɗewa za mu yi ba," in ji shi. "Tabarma za a shimfiɗa, ki zauna kusa da kayanki, ko ƙuda ba zai sauka ba."

Da aka sauke komai ya sake aunawa. Gaba ya sauko 52, baya ya tashi 50 ya tsaya. Ya ce to ka gani, Alhaji, cuta biyu ce. Wannan motar idan ba kaya, bayanta ne ya kamata ya ɗan fi gabanta tsawo, don a bar wa lodi wuri. Tata kuwa ko babu komai a zaune take, wato rasor ya gaji. Rasor shi ne abin da mu a Kano muke ce wa sifirin, naɗaɗɗen ƙarfen nan da gangar mota ke zaune a kansa. Shekara ashirin da wani abu yana ɗaukar nauyi, ya lotsa, ba zai koma tsawonsa na da ba. Cuta ta biyu kuma mu muka jawo ta: mun tara duk nauyin a bayan tayoyin baya, can wajen ƙofar but, sai kayan suka zama kamar yaro mai ƙiba a kan lilon katako, suna danne baya suna ɗaga gaba. Shi ya sa sitiyari ya yi sakayau. Ƙarar da nake ji kuwa, ya haska mini da tocila: wata robar tsayarwa ce a jikin shasi, ta yi sumul tana ƙyalli saboda dukan da aksul, ƙarfen nan da ya haɗa tayoyin baya biyu, yake mata.

Na tambaye shi magani. Ya ce na gaskiya shi ne sabon sifirin mai kauri, wanda aka yi don lodi, amma ba shi da shi a ƙasa, sai an aiko daga Yamai, kwana biyu ko uku. Da Hilux ce, mai sifirin na falle-falle, da ya ƙara mata falle ɗaya mu wuce. Wani yaronsa ya sa baki ya ce a cusa guntayen roba tsakanin zagayen sifirin, yadda ake yi wa motocin haya. Dattijon ko kallonsa bai yi ba. Ya ce wannan kashe zagaye ɗaya ne, ragowar su ɗauki wahalar, kuma ramin farko bayan Tanut zai tofar da robar.

Ya shiga wani ɗaki ya fito da zobba biyu baƙaƙe, faɗinsu kamar bakin ƙaramar tukunya, kaurin kowanne santimita 3. Roba ce mai tauri, na danna da farce ko alama ba ta yi ba. Shi kal yake ce musu, masu kayan mota a wajenmu kuma sifesa. A saman sifirin ake ɗora zoben, tsakaninsa da mazauninsa na jikin shasi, sai gangar motar ta tashi da gwargwadon kaurinsa.

"Amma ka ji da kyau, Alhaji," ya ce, yana kaɗa zoben a gaban fuskata. "Gammo ne. Gammo yana ɗaga tulu, ba ya ƙara wa wuya ƙarfi. Rasor ɗinka yadda yake da laushi jiya haka yake gobe. Tsawo na sayar maka."

Na ce to me zai hana a sa mai kauri sosai, ko a ɗora biyu-biyu, motar ta miƙe gaba ɗaya? Ya ce shokozoba tana da iyakar miƙewa. Idan aka ɗaga fiye da kima, duk sanda taya ta faɗa rami sai shokozobar ta kai ƙarshenta ta fizge, tiyon burki ma ya ɗaure. Sannan sifirin da aka matse da yawa zagayensa kan haɗe da juna tun kafin robar tsayarwa ta yi aikinta. Uku dai, in ji shi, ba ƙari.

Aikin bai kai awa biyu ba, kuma na tsaya a kansu har aka gama. Suka ɗaga shasi da jak suka tokare da kututture, suka cire tayoyin baya, suka kwance ƙusar ƙasan shokozoba da ta sandar da ke hana mota tangaɗi. Sai aka riƙa sauke aksul a hankali da wani jak ɗin, dattijon na riƙe da tiyon burki da yatsu biyu kamar mai jin bugun jini, yana cewa "kaɗan, kaɗan, tsaya." Sifirin ya saki, yaro ya zaro shi da hannu. Ya goge mazaunin da tsumma, jar ƙasar shekaru ta zubo, ya kafa zoben, ya mai da sifirin yana juya shi har wutsiyarsa ta faɗa gurbinta na ƙasa. Bai yarda an ƙarasa ɗaure ƙusoshi ba sai da motar ta sauka ta tsaya da ƙafafunta.

Abin da ya sa na yarda da mutumin nan shi ne ɗan aikin da ya yi a ƙarshe, wanda ban tambaya ba, ban ma san da shi ba. Akwai wata siririyar sanda da ta taso daga aksul zuwa wani bawul a jikin shasi. Ita ke gaya wa burki nauyin da ke baya: in mota ta zauna, a ƙara wa tayoyin baya burki, in ta tashi, a rage. Yanzu da muka ɗaga ta da zobe, bawul ɗin zai ɗauka kayan sun ragu alhali suna nan. Ya kwanta a ƙasa ya gyara wa sandar zama. Jaka ashirin da biyar ya karɓa, kaya da aiki, wato sefa 25,000.

Rigimar da ta fi aikin wuya ita ce ta mai da kaya. Ya ce buhu biyu su bi motar kaya daga tasha, in ba haka ba kuɗina na zubar. Gwaggo ta ce gara ba a kai ta gutsi-gutsi, so ake a ce mutanen Kano sun zo da rabin abu? Na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, gara rabi ta riga mu isa da a ce dukkanta ta kwana a daji." Ta ce ai ni ɗan yau ne, ban san abin kunya ba. Sai da dattijon ya ce mata shi ma ya aurar da 'ya'ya huɗu, kuma direban da zai ba wa kayan ɗan ƙanwarsa ne, sannan ta sauko. Ta ciro allura da jan zare daga jakarta, ta yi wa bakin kowane buhu ɗinki uku, ta tofa addu'a.

Sauran kayan shi ya tsara su. Buhunan da suka rage aka kwantar a ƙasan kujerar tsakiya, matan suka ɗora ƙafa a kai. Jarkar gas biyu aka juye a tanki, sauran da man gyaɗa aka matso da su jikin kujera aka ɗaure. Alkaki da dubulan, marasa nauyi, su suka koma bakin ƙofa. Ya sake aunawa: gaba 52, baya 50 da ɗan ɗoriya. Da magariba ya sa na haska bango, fitila ta sauko inda ya kamata.

A unguwar Zango muka kwana, wajen wasu dangin mijin yarinyar. Ban ga komai na Damagaram ba sai katangar fadar Sarki a Birni da muka wuce ta gabanta, da duwatsun nan manya da suka tsaya a tsakiyar gari kamar an ajiye su da hannu. Garin da ya riƙe hedikwatar mulkin Faransa a Nijar har 1926 ya fi ƙarfin kallon taga, amma hankalina na kan ƙugun mota.

Har Tanut lafiya lau, ƙasar Damargu, rumbunan gero a bakin kowane ƙauye. Daga nan kwalta ta fara zama tarihi. Wani wuri ramuka, wani wuri babu ita sam, sai sawun manyan motoci da suka ratse cikin yashi, ga hazo ya rufe gaba. Inda ƙasa ta yi tauri kuma ta yi gargada kamar bayan kwanon rufi, haƙora na kaɗawa. Sitiyari ya dawo da nauyinsa, motar na bin inda na nuna mata. Duk bayan awa ɗaya nakan tsaya in leƙa zobban, in kai bayan hannu kusa da shokozoba in ji zafinta. Da muka shiga yashi mai zurfi ƙanena ya rage wa tayoyi iska, muka sa giyar ƙafa huɗu.

Sau ɗaya na manta da maganar gammo. Bayan Adarbisinat hanya ta ɗan yi kyau, na ji daɗi na taka, sai ga wani kwari da ruwan damina ya yanka. Muka faɗa muka fito, "ƙum" ɗin nan ya dawo da ƙarfinsa, robar nakiya ta yi tsalle ta kife. Gwaggo ba ta ce komai ba, ta dai juyo ta dube ni. Daga nan har muka gangara duwatsun Tigidit ban sake wuce 50 ba.

Da la'asar sakaliya muka hango hasumiyar masallacin Agadas, ta ƙasa, mita 27, itatuwa sun fito mata ta ko'ina kamar ƙaya. An ce tun wajen 1515 aka gina masallacin, kuma a 2013 UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. Surukan suka tarbe mu da guɗa da shayi mai kumfa, Hausarsu tas, sai dai wani lanƙwasa harshe na Abzinawa. Da aka sauke kaya na zagaya bayan motar, sai na ga yanzu ƙugun ne ya ɗan ɗaga sama. Na kira Yaya na ce masa ya fara neman sifirin sabo a Ƙofar Ruwa kafin mu dawo. Ya ce me ya sami nasa? Na ce sai na zo.

Gwaggo ta hana a taɓa gara. Ta sa aka jera komai a ɗaki aka rufe, ta ce wa uwar miji kayan ba su gama isowa ba. Washegari tun hantsi ta sa aka kai mata kujera zaure, ta zauna tana kallon titi. Sai bayan azahar wani yaro ya turo buhunan biyu a kura daga tasha. Ta tashi, ta sa ya juyo mata bakin kowanne, ta bi jan zaren da yatsa, ɗaya, biyu, uku, sannan ta ce a kira mata matan gida.